Jarkar Malam Maharazu

Shekara tara Malam Maharazu yana jan sallar Azahar a gindin bishiyar bedin da ke harabar ofishinsu a Malumfashi, kuma ba wanda ya taɓa naɗa shi. Haka kawai abin ya zauna. A shimfiɗa tabarmi, a tayar da iƙama, wani ya ɗan zungure shi da gwiwar hannu ya ce, “Bismillah, Malam.” To, ran wata Litinin a tsakiyar damina aka tayar da iƙama, ya ɗaga ƙafa zai wuce gaba, sai ya ga Baba Iliya mai gadi ya riga shi, yana gyara zaman hularsa, ko kallon inda yake bai yi ba. Maharazu ya dawo da ƙafarsa cikin sahu. Da aka sallame ya miƙa wa na damansa hannu, mutumin ya ba shi kan yatsu uku ya janye.

Talata haka, Laraba haka. Shi kuwa Maharazu ba limancin ne ya dame shi ba, don Allah ya sani sau da yawa ya so a ɗauke masa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, me ya faru? Mutum ne da Allah ya yi wa son sanin dalili. Ofishin nasu na wata ƙungiya ne mai tura malaman gona ƙauyuka, shi kuma sashensa tsutsar masara, kuma duk manomin da ya taɓa hulɗa da shi ya san halinsa: ka nuna masa ganye guda da aka ɓula, sai ya tsuguna a kunyar har ka gaji ka bar shi nan.

Suwaiba mai abinci ce ta fasa ƙwan. Tana zuba masa shinkafa da wake a bakin ƙofar ofis, ta duba hagu ta duba dama, ta yi ƙasa da murya.

“Malam, ni dai ban yarda ba, amma gara ka ji daga bakina. Wai ka fara sha.”

“Shan me?”

“Haba Malam, sai na faɗa? Burukutu. Wai duk Alhamis kana gidan Maguzawa can bayan Ƙarfi, har da guzurinka kake dawowa a jarka.”

Maharazu ya tsaya da kwano a hannu. Da farko ma dariya ce ta zo masa, don jarkar akwai ta, ruwan ɗorawa ce, tana ɗaure a bayan babur ɗinsa, kuma wallahi tana wari. Amma dariyar ba ta kai bakinsa ba ta koma.

Ga yadda zancen jarkar yake. Tsutsar da ke cin zuciyar masara uwa gare ta, wata 'yar ƙwaro mai fukafukai ruwan ƙasa, ita ke bin gonaki tana saka ƙwai a bayan ganye. Maharazu ya lura ƙwaron nan ba abin da take so kamar abu mai tsami da ɗan zaƙi. Sai ya fara gwaji: a yanke gorar roba, a zuba ruwan tsami a ciki, a rataye a kan sanda a tsakiyar gona, ƙwaron ta faɗa ta nutse kafin ta yi ƙwai. Ya gwada ruwan gasara, ya gwada ruwan rake da ya kwana uku, duk kamun kaɗan ne. Wani manomi ne a Ƙarfi ya ce masa cikin wasa, ai in tsami yake nema ya je Gidan Barmo, wata 'yar unguwar Maguzawa, wajen wata dattijuwa da ake kira Tsohuwa, ya roƙi dusar da take tacewa ta zubar in ta gama dafa giyarta. Ya je, ta ba shi, ya jiƙa, ya zuba a tarkunan. Kwana biyu aka samu ƙwari fal. Tun daga nan duk Alhamis yake zuwa ya ciko jarka, kuma bai taɓa ɓoyewa ba, don bai ga abin ɓoyewa ba.

Kada ka ji a ce magana iska ce. Cikin mako biyu Maharazu ya zabge. Kai ya riƙa sara masa daga ƙeya, abinci ya daina shiga, in ya shigo ofis aka yi shiru sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Manoma biyu a Ƙarfi da suka saba tarbarsa tun daga bakin hanya suka aiko cewa bana sun gode, za su yi feshi da kansu. Ya ji zafin wannan ƙwarai, har ya faɗa wa matarsa Zakiyya cewa gara a ce ya yi sata.

Zakiyya ba mace ce mai yawan lallashi ba. Ta tasa shi gaba har asibiti, aka ɗaura masa abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta dubi lambar ta dube shi, ta tambaye shi ko an yi masa rasuwa ne. Aka ba shi magani. A hanyar dawowa Zakiyya ta ce, “Baban Najiba, ka saurare ni. Wanda ya ƙulla maka wannan yana can yana cin tuwonsa da man shanu. In jininka ya hau ka faɗi, ni da 'ya'yanka za mu yi jinya, ba shi ba. Ofis ka bar shi a ofis. In ka shigo gidan nan ban yarda in ji sunan kowa ba sai ka ci abinci.”

“To in yi shiru ke nan?”

“Ban ce ka yi shiru ba. Na ce ka daina cin kanka. Kai da kake wuni a gona kana neman inda tsutsa ta fara, yau an rasa inda magana ta fara?”

Wannan kalma ita ta tashe shi. Don shi a aikinsa, in ya shiga gonar da ta kamu, ba ya tsayawa inda ɓarna ta fi yawa yana salati. Baya yake bi, daga manyan ramuka zuwa ƙanana, daga ƙanana zuwa ɗan kankaren da jaririyar tsutsa ke yi, har ya kai ganyen da aka saka ƙwan. Ya ce to, bari mu gani. Ya sha maganinsa, ya daina zama a bencin da ake hira bayan La'asar, ya daina rantse-rantse ga duk wanda ya yi masa wani irin kallo. Tambaya ɗaya kawai ya riƙe, kuma da fara'a yake yin ta: wa ya gaya maka, kuma me ya ce daidai?

Suwaiba ta ce ita a bakin Sadiq direba ta ji, wai an tsamo Malam daga cikin kwalbati a hanyar Ƙarfi, shi da babur. Sadiq ya sosa ƙeya ya ce a'a, shi bai ce kwalbati ba, cewa ya yi an gan shi kwance a gindin ɗorawa, kuma shi ma Baba Iliya ne ya gaya masa. Maharazu har ya fara jin daɗin abin, yadda kwalbati ya koma ɗorawa. Ya sa rai in ya kai tushe zai tarar da wani ne kawai ya ji warin jarka ya yi zato, zato kuwa zunubi ne amma ana yafe shi.

Baba Iliya ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. Dattijo ne mai tsoron Allah, kuma a ganinsa addini ya kare ranar da ya shiga gaba.

“Ni ba a ce mini kwanciya ba,” in ji shi. “Malam Abdulmutallib ne ya same ni a nan. Ya ce da idonsa ya gan ka da ƙoƙo a baki. Ya rantse, Malam. Da bai rantse ba da ban motsa ba.”

Abdulmutallib shi ne mai kula da ɗakin ajiyar iri, dogon mutum mai tsabta, mai tabo a girar hagu, kullum cikin farar shadda da ƙamshin turare. Ba aikinsu ɗaya ba, ba kujera ɗaya suke nema ba, ko musu ba su taɓa yi ba. Abin da ya fi ɗaure kai, shi ne ya ara wa Maharazu wuƙar da aka yanke gorunan farko, yana tsaye aka zuba musu ruwan gasara. Ya san jarkar, ya san amfaninta. Ashe ba zato ba ne, ƙarya ce tsagwaronta, da rantsuwa a kai.

Wani zai ce ya je ya ci kwalarsa. Zuciyar Maharazu ma ta ce masa haka, sau fiye da ɗaya. Amma son sanin nan nasa ya fi fushinsa ƙarfi. Ruwa ba ya tsami banza. Ya zauna yana bin kwanaki baya, yaushe mutumin nan ya canza masa? Sai ya tuna ranar da ya dawo daga Gidan Barmo karo na farko, yana murna, ya shiga ɗakin iri yana ba da labarin Tsohuwa, har ya ce, “Malam Abdul, ran Alhamis ka raka ni ka ga ikon Allah.” Abdulmutallib yana ɗinke bakin buhu, ya soke yatsarsa da basilla, ya fita wai zai wanke, bai dawo ba har aka tashi. A lokacin Maharazu bai kawo komai a ransa ba.

Bai gama wannan tunani ba shugaban ofis, Alhaji Jibril, ya kira shi. Bai zarge shi da komai ba, ya dai yi ta kewaye-kewaye a kan sunan ƙungiya da yadda mutanen ƙauye ke kallon abu, sannan ya ce daga yau a dakatar da zuwa unguwar Maguzawan nan.

“Ranka ya daɗe, na ji,” in ji Maharazu. “Amma ina roƙon abu biyu. A rubuta a takarda cewa ni na ce ƙarya aka yi mini, kuma ina neman a bincika. Sannan a bar ni in je sau ɗaya in sallami dattijuwar nan. Ba ta yi mini komai ba sai alheri.”

Alhaji Jibril ya ce ba laifi.

Ran Alhamis da hantsi ya kama hanya. An yi ruwa da asuba, hanyar bayan Ƙarfi ta yi taɓo, dawa ta kai ƙirji hagu da dama. Ya tarar da Tsohuwa a tsakar gida tana shanya daddawa a kan tabarma, 'yar ƙaramar mace baƙa mai ƙarfin hannu, kanta fari fat. Ta ga jarkar babu komai a ciki kuma bai kwance ta ba.

“Malamin gona, yau ba ka son dusar?”

Ya tsuguna ya gaishe ta, ya gaya mata an hana shi, ya gaya mata dalili, bai rage komai ba. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

“Kai? Kai da ko ruwan randata ba ka sha sai ka tambayi wane moɗa ne? Wane maras kunya ne ya faɗi haka?”

“Wani abokin aikina ne, Inna. Abdulmutallib.”

“Ban san shi ba. Ya taɓa zuwa nan?”

“Ya ce ya zo ya gan ni.”

“To yaya yake? Duk wanda ya tako gidan nan na san shi.”

Maharazu ya ce dogo ne, ba shi da jiki sosai, yana da tabo a girar hagu kamar an tsaga ta biyu. Hannun Tsohuwa ya tsaya a kan daddawar. Kaji suka zo suna tsattsagar gefen tabarmar ba ta kore su ba.

“Sa ne ya yi masa da ƙaho,” ta ce. “Yana shekara bakwai. Ni na danne wurin da zanena har jinin ya tsaya. Nomau ke nan. Ɗana ne.”

Ta ba shi labarin ba tare da kuka ba, kamar mai faɗin yadda damina ta kasance. Yaron ya tafi makaranta Funtua, ya musulunta a can, ya sake suna, ita kuwa ba ta hana ba, ta ce kowa da hanyar da zai bi. Da yana zuwa. Da ya tashi neman aure a wani babban gida a Funtua sai ya ce musu iyayensa sun rasu. Uban kam da gaske ya rasu.

“Ni ce dai ban mutu ba tukuna,” in ji ta. “Damina shida ke nan ban sa shi a ido ba. An ce mini yana Malumfashi, ban san a ofishinku ba ne. Ya yi ƙiba?”

“A'a, Inna. Amma lafiyarsa lau.”

“'Ya'ya fa?”

“Uku. Babbar mace ce.”

Ta gyaɗa kai. Ta shiga ɗaki ta fito da leda, ta zaɓi daddawa mafi kyau ta ƙulle, ta ce a kai masa, tun yana yaro ba ya cin miyar da ba ita a ciki. Sannan ta ce, “Ba don ya ƙi ka ya yi ba. Tsoro ne. Tun yana ƙarami in ya ji tsoro sai ya yi ƙarya.”

A hanyar dawowa Maharazu ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya ya zauna. Ga shi ya kai ganyen da aka saka ƙwan, kuma bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba. Yanzu jimla ɗaya ta ishe shi. In ya tsaya a gindin bedi ya faɗe ta, kafin La'asar sunansa ya wanku tas, kafin Magariba maganar ta isa Funtua gidan surukan mutumin. Ya ji son yin haka, ba zai yi wa kansa ƙarya ba, don wata guda ya yi yana shan baƙin ciki a kan laifin da bai yi ba. Amma ya tuna matar Abdulmutallib da 'ya'ya uku da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, ya tuna ita kanta Tsohuwa, wadda ba ta ba shi labarin don ya yi makami da shi ba. Ya tashi ya buga babur.

Ya sami Abdulmutallib shi kaɗai a ɗakin iri. Ya tura ƙofa, ya ajiye ledar a kan buhun waken soya. Warin daddawa ya cika ɗakin. Abdulmutallib ya dubi ƙullin, ya gane irin ɗaurin, ya nemi buhu ya zauna.

“Ta ce a gaishe ka,” in ji Maharazu. “Ta tambaya ko ka yi ƙiba.”

Abdulmutallib ya kawar da kai daga ledar.

“Malam Abdul, ka cuce ni, kuma na ji zafi ƙwarai. Har asibiti na je. Amma ka kwantar da hankalinka, maganar nan ba za ta fita daga bakina ba, ko ka wanke ni ko ba ka wanke ni ba. Ba ciniki na zo yi ba. Sunana dai nake so ka mayar mini, don kai ka ɗauka.”

“In na ce ƙarya na yi, za su tambaye ni dalili,” in ji Abdulmutallib.

“Za su tambaya. Abin da za ka ce musu kuma naka ne.”

Ran Litinin a taron ma'aikata, Alhaji Jibril yana shirin rufewa, Abdulmutallib ya miƙe. Ya ce abin da ya faɗa a kan Malam Maharazu ƙarya ne, bai gan shi da komai ba, rantsuwar da ya yi ma ta ƙarya ce, yana neman gafarar Allah da tasa. Baba Iliya, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, “To me ya yi maka, bawan Allah?”

Maharazu ya sunkuyar da kai yana jira.

“Hassada ce,” in ji Abdulmutallib. “Ba wani abu.”

Aka yi ta salati. Aka ba shi takardar gargaɗi. Baba Iliya ya kama hannun Maharazu da hannu biyu yana neman afuwa, Suwaiba ta ce ita dama ta faɗa, Alhaji Jibril ya ce a ci gaba da aikin tarkuna. Zakiyya da ta ji, ta ce alhamdu lillahi, amma maganin sai ya shanye. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Maharazu kaɗai ya san mutumin ya zaɓi a kira shi maƙaryaci mai hassada har ƙarshen zamansa a ofishin, maimakon ya ambaci wadda ta haife shi, kuma wannan ya fi ƙazafin ma tsaya masa a rai.

Ran Alhamis ya koma Gidan Barmo. Tun daga nesa ya hango Tsohuwa a bakin zaure, ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Ta leƙa bayansa, ta ga babur ɗin shi kaɗai ya ɗauko.

“Ka kai masa?”

“Na kai, Inna. Ya karɓa.”

“Kai fa, an wanke ka?”

“An wanke ni. Shi da bakinsa.”

“Madalla. Ai na san zai yi.” “Ya ce yaushe zai zo?”

Maharazu ya so ya ce bayan girbi. Kalmar har ta zo bakinsa, kuma ya san za ta ji daɗinta. Amma ya ga abin da ƙarya ɗaya ta yi masa cikin wata guda, balle wadda za a bar wa tsohuwa ta zauna da ita tana duban hanya.

“Bai ce ba, Inna.”

Ta dube shi, ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi jarkar, ta juya ciki, ta ce ya zauna a inuwa, dusar ta yau da ɗan sauran zafi.